Juma'ar da muka kai Baffa masallaci

Zuwana na farko makarantar nan ziyara ce ta yini guda. Taro ne ya kai mu Landan daga ma'aikatar lafiya ta jiharmu, inda nake aiki a sashen tsare-tsare, sai aka ce kafin mu koma gida za a zaga da mu wata jami'a a Bloomsbury mu ga sashen da ake koyar da abin da suke kira design thinking. Aka hau da mu wani babban ɗaki a saman bene. Babu kujeru a jere, babu teburin malami. Teburan duk masu taya ne, bangon kuwa ba a ganin fentinsa saboda 'yan ƙananan takardu masu gam, rawaya da kore da ruwan hoda, an lilliƙa su har inda hannu zai kai. A gefe ga kwalaye da almakashi da salatif da igiya kamar ajin 'yan nazare. Manyan mutane, wasu har da furfura, sun durƙusa a ƙasa suna yanka kwali.

Malamar da ta karɓe mu, wata 'yar Scotland mai gajeren gashi, ta ce su a wurinsu ba a farawa da amsa. Sai an je wurin mai matsalar, an zauna da shi, an saurare shi, an ga yadda yake rayuwa, sannan a dawo a ƙera wani abu na wucin gadi a kai masa ya gwada. In bai yi ba a sake. Abokan tafiyata suna ta duba agogo, hankalinsu na kan sayayyar tsaraba, ni kuwa maganar ta zauna min. A ofishinmu ana rubuta tsarin asibitocin ƙauye ne a kan tebur, babu mai cewa ka je layin awo ka tambayi mace yadda ta iso.

Da shekara ta zagayo na nemi gurbin gajeren kwas ɗinsu, na kuwa samu. Na bar yara wurin babansu da ƙanwata, na iso Landan ganye yana zuba, sanyi ya fara shiga. Aka ba ni ɗan ɗaki a masaukin ɗalibai, amma duk ƙarshen mako Tottenham nake tafiya wurin Baffa.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Karatu ya kawo shi Ingila tun ba a haife ni ba, ya zauna, ya yi aikin fassara, ya kuma koya wa Turawa Hausa a wannan unguwar ta Bloomsbury har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu da daɗewa. Ɗansa yana Kanada, 'yarsa tana aure a Manchester. Shi kaɗai yake zaune a flat ɗin council, gidan haya na ƙaramar hukuma, can saman bene, da littattafansa da rediyonsa. Sunan mahaifiyarsu, shi da babana, aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce uwata. Idonsa ya yi rauni, gwiwoyinsa sun kumbura, amma bakinsa yana nan daram. In na yi kuskuren jefa Turanci a magana sai ya ɗaga yatsa.

"Na yi booking kuma? Uwata, kamun wuri ya gagare ki faɗa?"

A makaranta aka raba mu rukuni-rukuni. Namu mu uku ne: ni, da wata Baturiya mai zanen kayan ɗaki, da wani injiniya ɗan Malesiya, musulmi, mai ƙarancin magana. Aikin da aka ba mu shi ne tsofaffi da zirga-zirga a cikin birni. Malama ta ce kowane rukuni ya nemo mutum na gaske, ba wanda aka ƙirƙira a kai ba. Sauran biyun ba su da tsoho a Landan. Na ce ni ina da shi.

Da na faɗa wa Baffa, murna ya yi.

"Kawo su. Na daɗe ban ga ɗalibi ba."

Ranar da muka je, mun tarar ya sa babbar riga da hula, ya dafa shayi da kansa, ya zuba dabino a faranti. Baturiyar ta tambaye shi, kamar yadda aka koya mana, ya ba mu labarin ranar ƙarshe da ya je wani wuri da yake da muhimmanci a wurinsa. Ko tunani bai yi ba ya ce Juma'a, babban masallacin Regent's Park. Ya ce shekaru masu yawa bai taɓa fashin Juma'a a can ba in dai yana gari. Akwai masallaci a nan kusa, yana lallaɓawa in jiki ya yi daɗi, amma ba ɗaya ba ne. A can ne in an idar suke haɗuwa da mutanensa, su leƙa shagon littattafai, su zauna shan shayi, a yi siyasar gida, a yi musu a kan wanda ya fi wani jin Larabci, har la'asar ta tarar da su. Abin da ya raba shi da wurin faɗuwa ce. Ƙafarsa ta kuɓuce a kan matakala mai tafiya da kanta a tashar tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, ya gangaro, aka kwashe shi zuwa asibiti. Tun daga nan bai sake shiga ƙarƙashin ƙasa ba.

Ya ba da labarin da Turancinsa irin na mutanen da, tsaf-tsaf, yana sa su dariya. Ni ina gefe ina jin daɗi, har da ɗan alfahari.

Muka koma makaranta muka cika allo da takardu. Duk abin da Baffa ya faɗa aka yanka shi guntu-guntu aka liƙa: matakala, ido, tsoro, Juma'a, shayi. Muka yi ta matsar da su daga nan zuwa can har muka tsaya a kan cewa matsalar hanya ce. In aka samo masa hanyar da babu matakala, da ɗan rakiya, da wurin hutawa, zai koma. Akwai ranar da aka ba mu tabarau da aka shafa wa man shafawa, aka ɗaura mana jakunkunan yashi a ƙafa, aka ce mu sauka bene mu ji yadda tsufa yake. Ajin ya cika da dariya, mutane suna karo da juna. Ni ma na sa. Ina laluben ƙarfen bene sai na ga Baffa a raina yana laluben nasa shi kaɗai, ba mai cire masa tabarau in ya sauka. Na kai ƙasa na shige banɗaki na daɗe a ciki.

Abin da muka haɗa ba wani abin mamaki ba ne. Injiniyan ya tsara hanyar bas biyu, babu tsallaka babban titi. Baturiyar ta samo sanda mai buɗewa ta zama kujera, ta gyara mata mariƙi. Ni na yi kati da manyan haruffa mai igiya, wanda za a rataya a wuya, mai nuna inda za shi da inda zai sauka. Malama ta duba ta ce kada mu ƙara kwana a kai, mu je mu gwada.

Muka sa Juma'a. Ana yayyafi muka isa, mun tarar Baffa ya shirya tun hantsi, ya fesa turare. Da na miƙa masa katin ya juya shi gaba da baya, ya kawo shi kusa da ido ya karanta.

"Ni kaya ne da za a maƙala min takarda?"

Ya cusa shi a aljihu. Sandar kuwa ya karɓa, ya yaba mariƙin. A cikin bas ya zauna ta taga yana nuna mana wurare, nan da gidan sinima ne, nan ya taɓa zama lokacin yana gwauro, nan ake samun busasshen kifi. Rabin abin da yake nunawa ba ya ganinsa sosai, da ka yake faɗa. Duk abin da muka tsara ya tafi daidai. Muka iso da sauran lokaci.

A harabar masallaci muka rabu. Baturiyar ta ce za ta jira mu a lambu. Injiniyan ya riƙe hannun Baffa suka shiga ɓangaren maza, ni na hau sama wurin mata. Na samu sahun gaba, inda ta tsakanin katakon shinge ake hango maza a ƙasa. Ban sha wahalar gane shi ba, hularsa ce kaɗai irinta a wannan sahun. Mun yi da injiniyan cewa Baffa zai yi salla a zaune, a gefe inda ake ajiye wa tsofaffi kujeru. Ina kallo ya nuna masa kujerar, Baffa ya kaɗa hannu, ya wuce tsakiyar sahu ya zauna a ƙasa kamar kowa.

Aka yi huɗuba, aka tayar da salla. Raka'ar farko, da aka ɗago daga sujada ta biyu aka miƙe, idona ya faɗa ƙasa. Sahunsu ya miƙe gaba ɗaya, saura gurbi guda. Baffa yana durƙushe, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya kafa ƙafa ɗaya, ya yunƙura. Gwiwar ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, babbar rigar ta harɗe shi, ya kife ta gefe, hular ta faɗi ta gangara gaban sahu. Liman ya riga ya fara karatu. Injiniyan da wani mutum na ɗaya gefen suka sunkuya suka kama shi ta hammata, suka ɗaga shi kamar yaro, suka ga ba zai iya tsayuwa ba, suka zaunar da shi. Haka ya ƙarasa sallar a zaune, kai ba hula.

Ni ina sama, kafaɗa da kafaɗa da matan da ban sani ba, hannuna a ƙirji. Ba halin kira, ba halin sauka. Ko da na sallame na fita da gudu, ƙofar maza ba tawa ba ce, kuma ɗaruruwan mutane ne tsakanina da shi. Ban san abin da liman ya karanta a raka'a ta biyu ba.

Da aka idar na sauko na tsaya a bakin ƙofarsu, mutane suna ta fitowa suna ratsa ni. Su ne kusan na ƙarshe. An mayar masa da hular, ta ɗan karkace. Bai kalle ni ba. Ya ce mu je wurin shayi.

Muka je. Ya tsaya a bakin ƙofa yana bin tebura da kallo, yana ƙanƙance ido. Larabawa, Somaliyawa, 'yan Pakistan, yara suna guje-guje. Can sai wani mutum mai matsakaicin shekaru ya ji muna Hausa, ya taso ya rusuna ya gaishe shi. Likita ne, daga Sakkwato, bai san Baffa ba amma ya girmama shi, ya ja masa kujera. Baffa ya tambaye shi wani Alhaji mai gyaran agogo da ke zama a teburin kusurwa.

"Allah ya jiƙansa, Baba. Ai ya rasu bara. Mahaifin abokina ne."

"Malamin nan ɗan Katsina fa, dogo, mai tabarau?"

"Na ji an ce 'ya'yansa sun mayar da shi gida."

Ya tambayi na uku, likitan ya ce gaskiya bai taɓa jin sunan ba. Baffa ya gyaɗa kai. Aka kawo shayi, ya riƙe kofin har ya huce, bai kai baki ba.

A waje Baturiyar ta taso da fara'arta, ba ta san abin da ya faru ba. Ta tambaye shi me ya yi masa daɗi a tafiyar, me kuma ya kamata mu gyara. Na so na hana ta, ban san ta inda zan fara ba. Baffa ya yi mata murmushi ya ce bas ɗin ya yi kyau ƙwarai, sandar ma haka, ya gode. Injiniyan ya tsayar mana da tasi, ya ce su za su bi tube.

Ni da Baffa muka shiga tasin. Sai da muka kusa gida ya ce, yana kallon gabansa:

"Daga sama ana gani?"

Na kau da kai ina kallon taga.

"To," in ji shi. Sannan ya ce, "Uwata, mutanen kirki ne. Amma kada ki sake kawo min baƙi."

Ranar Litinin muka tsaya gaban allo muka ba malama labari. Ta saurara da kyau, ta ce wannan shi ne amfanin gwaji: yanzu mun gane matsalar ba hanya ba ce, mutane ce. Ta ce mu sake tambayar. Aka kawo sababbin takardu. Baturiyar, wadda tun da ta ji abin da ya faru idonta yake ja, ta yi ta kawo shawara: a haɗa tsofaffin Hausawan Landan a waya, a riƙa kai musu ziyara, a shirya musu shayi duk wata. Ba wadda ba ta da ma'ana a ciki. Na ce musu Baffa ya ce kada a sake zuwa.

Da aka tashi malama ta tsayar da ni. Ta tura tebur gefe muka zauna. Ta ce in ajiye maganar aji, ni da na san shi, me nake ganin yake bukata.

Na ce gwiwoyinsa yake so, da mutanensa da suka mutu.

Ta ce wannan ya fi ƙarfin abin da suke yi a ɗakin nan, kuma ba za ta yi min ƙaryar cewa akwai wata dabara da ta rage ba. Na ji daɗin da ba ta lallashe ni ba, amma na fita daga wurin hannu biyu babu komai.

Muka ƙarasa aikin da wasu tsofaffi a wata cibiya da suke yini. Hanyar bas da sandar sun yi wa wasunsu amfani, ranar gabatarwa aka tafa mana. Na roƙi a cire hoton Baffa da maganganunsa, aka cire. Muna kwashe kwalaye injiniyan ya matso kusa da ni, ya ce akwai abin da yake son faɗa min tuntuni. Ya ce ranar da ya ɗaga Baffa ya tsorata, don ba shi da nauyi ko kaɗan, rigar ce kawai take cika ido. Ya ce in duba ko yana cin abinci.

Na duba. Tuwon da nake dafa masa ranar Asabar na zuba a robobi, ina tarar da yawancinsa a firji mako na zagayowa. In na yi magana ya ce ya ci biredi. Rediyon ma ya rage kunnawa. Na zauna gabansa da faranti, ya yi loma biyu don ya sallame ni, ya ce ya ƙoshi. Masallacin kusa ma ya daina zuwa.

Ana tsakiyar sanyi ya sake faɗuwa, a banɗaki wannan karon. Maƙwabciyarsa ce ta ji bugun bango ta kira motar asibiti. Ƙashin ƙugu ya tsage. 'Yarsa ta zo daga Manchester, ɗan ya shigo ta waya, aka zauna da wata ma'aikaciyar council a wani ɗan ɗaki a asibitin. Aka ce ba zai koma flat ba, sai gidan kula da tsofaffi. Na ce me zai hana a kai shi gida, Kano, ga dangi, ga ɗaki a gidanmu. 'Yarsa tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Ta ce likitan zuciyarsa fa, magungunansa fa, kuma in wani abu ya faru ita da ɗan'uwanta suna wata duniya. Ba ta yi ƙarya ba. Na koma wurin Baffa da maganar, ina sa ran shi zai goya min baya.

"Wa na sani a can, uwata? Babanki ya tafi. Gidanmu an rushe an yi shaguna. In je in zama baƙo a ɗakin surukina?"

"Baffa, ai mu ne naka."

"Ku ne. Amma ku ma da safe aiki za ku tafi."

Ni 'yar yayansa ce, ba 'yar cikinsa ba, bizata kuma ta kusa ƙarewa. Aka yanke shawara ina zaune.

Gidan da aka samo masa yana can bakin Landan ta arewa, bas ne har ƙarshen layi. Wuri ne mai tsabta, ma'aikatan suna da fara'a. Na je yi masa sallama ranar Asabar, washegari jirgina zai tashi. Na tarar da wata mata 'yar Ghana tana gyara masa filo, ashe 'yar zango ce, unguwar Hausawa ta can, tana jin Hausa irin tasu.

"Baba, ka tashi, yarinya ya zo gaishe ka."

Baffa ya buɗe ido, ya ɗaga yatsa da ƙyar.

"Ta zo."

Matar ta yi dariya ta ce kullum haka yake yi mata. Na ji wani sanyi a raina, na tambaye ta ko ita ce mai kula da shi. Ta ce a'a, ƙarshen mako kawai take zuwa, kuma wata mai zuwa za a mayar da ita wani reshe.

Na yanke masa farce, na shafa masa mai a ƙafa. Muka yi hirar yara, ya tambayi kowa. Da azahar ta yi ya ce in duba masa ina ne gabas, tun da aka kawo shi yake salla a kwance bai san inda yake fuskanta ba. Na duba a waya. Alƙibla tana bayan kansa, ta wajen bangon da gadon ya jingina. Na kama gadon na ja, ya ƙi motsi, an danne tayoyin, ga wayoyin ƙararrawa da na katifa duk a jikin bangon. Na je na sami ma'aikaciyar da ke kan aiki na yi mata bayani. Ta fahimta, ta ce ba matsala ba ce, amma ba su da izinin juya gado sai manaja ta duba, ita kuwa sai Litinin. Ta rubuta a takarda ta ce za ta ajiye mata.

Na dawo na faɗa masa. Ya ce ba komai, Allah ya sani. Na kawo masa dutsen taimama, ya yi sallarsa yana kallon talabijin ɗin da ke kashe. Da zan tafi na durƙusa a bakin gadon, ya dafa kaina ya yi min addu'a mai tsawo, ya ce in gaida gida.

Daga Kano na yi ta kira. Duk wanda ya ɗauka sai ya ce shi ba a ɓangaren yake ba, amma zai duba. Baffa kuwa in an kai masa wayar ba ya ji sosai, sai dai mu yi ta gaisawa. Ya rasu bayan ƙaramar salla, aka binne shi a can kusa da matarsa. Da na kira 'yarsa yin ta'aziyya na tambaye ta ko an juya gadon. Ta ce gaskiya ba ta lura ba.